Minti Talatin Daga Sakkwato

Nono ɗaya muka sha ni da shi. Mahaifiyarsa ta rasu yana da kwana tara a duniya, ni kuma ina da wata biyu, sai kakarsa ta naɗo shi a zane ta shigo gidanmu ta ɗora wa Inna a cinya. Babu wanda ya tambaye ni ko na yarda a raba mini abinci. Inna takan ce tun a lokacin ya fi ni zafin nama, kafin in gama lalube shi ya ƙoshi har ya fara leƙen nawa ɓangaren. Da ya zama ɗan majalisa na sha tuna wannan magana in yi ta dariya ni kaɗai. Daga baya na daina dariyar.

Garinmu ƙaramin gari ne a bayan Danchadi, gero da dawa da damina, albasa a fadama da rani. Abin da ya sa aka san mu a waje shi ne Baba. Maɗori ne, kuma hannunsa na da sa'a. Daga Dandin Mahe ake kawo masa masu karaya a amalanke, daga Lambara, garin su Inna, har daga cikin Bodinga inda akwai asibiti. Abu ɗaya kowa yake faɗa a kansa: ba ya barin mutum ya jira. Na ga ya ajiye lomar tuwo a cikin akushi don an yi sallama da yaro mai targaɗe. Na ga ya fito da kumfar sabulu a kunne. In Inna ta yi ƙorafi sai ya ce mai ciwo ba ya da agogo, zafin kawai yake ji.

Shi ya ɗora hannun ɗan'uwan nawa lokacin da ya faɗo daga kan tsamiya muna aji uku. Har yau in ya ɗaga hannun dama yana gaida jama'a, gwiwar ba ta miƙewa sosai. Duk fostarsa da na gani, wannan ɗan lanƙwasar nake fara dubawa, domin aikin Baba ne.

Tare muka yi makarantar horon malamai. Ni na tsaya a alli, shi ko shekara biyu bai yi a aji ba ya gane cewa bakinsa ya fi ƙarfin yara arba'in. Ya zama sakataren matasan jam'iyya, ya zama kansila, ya riƙe wa wani babba jaka na wasu shekaru, sai ga shi ana rantsar da shi a Abuja. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi mana famfon burtsatse, duk da hotonsa da ke jikin tankin ya kusa fin tankin girma. Ya gyara azuzuwa biyu a makarantar da nake koyarwa. Kuma ya iya zama da mutane. In ya zo gida sai ya cire hula ya zauna a tabarmar Inna, ya sha fura da ludayinta, yana ba ta labarin siyasa kamar yaron da ya dawo daga kasuwa.

A irin wannan zaman ne na ji yana yi mata bayanin dabarar da ta kai shi Abuja. A lokacin jam'iyya kan fitar da ɗan takara ne da ƙato bayan ƙato, wato kowa ya fito fili ya yi layi a bayan wanda yake so, ko a bayan hotonsa, a ƙirga kawuna ido na ganin ido. Ya ce duk mazaɓar da ya ga layinsa ya gaza, sai ya sa a janye mutanensa kaf kafin a fara ƙirga. In babu kowa a bayansa, sai ya ce ai ba a yi zaɓe a wurin ba, a soke, a sake wata rana bayan ya gyara. Yana faɗa yana tafa hannu. Inna ta ce, "Kai dai Allah shi shirye ka," ta ƙara masa fura.

Ni ne idonsa a mazaɓarmu. Ni nake raba katin jam'iyya, ni nake tara mata a tsakar gidanmu, ni nake fito da gari ranar layi. Ina jin daɗin abin, ba zan ɓoye ba. Malamin firamare da ake tashi a ba shi kujera don ɗan'uwansa na Abuja, ai dole kansa ya ɗan kumbura.

Baba ya rasu da bazara, ana gama sallar asuba, a irin ranakun da ƙasa take ƙona tafin ƙafa tun hantsi. Kafin ƙarfe tara an yi masa wanka, an sa shi a likkafani, an kwantar da shi a makara a cikin zauren da yake ɗori. Masu haƙa sun aiko cewa kabari ya kammala. Aka sa ƙarfe sha ɗaya. Ban san yadda labari ya yi gudu haka ba, amma ƙarfe goma ƙofar gidanmu ta cika har bakin masallaci. Motoci biyu daga Dandin Mahe, akori-kura daga Lambara, babura kuwa ba a magana. Mutane suna ta nuna wa juna ƙafa da hannu, wannan ya ce nan ya ɗora mini, wancan ya ce ni ƙugu ne. Ban taɓa ganin taro irin wannan a garinmu ba, har a ranar da shi ɗan majalisar ya ci zaɓe.

Saura kaɗan a fito da makara wayata ta yi ƙara. Kuka yake yi sosai, kuma har yau na yarda kukan gaskiya ne.

"Ɗan Inna, kak ku ruhe shi sai na iso," in ji shi. "Ina cikin Sakkwato, minti talatin na. Ubana na. Ba ni yarda a kai shi ban kama makara ba."

Na je na gaya wa liman. Dattijo ne, abokin Baba tun suna kiwon awaki. Ya dube ni ya ce, "Malam, ba a aje mamaci don mai rai. Ko wane na, shi ishe mu maƙabarta."

Da na bi maganarsa da ban rubuta wannan ba. Amma sai na tsaya a ƙofar zaure na ce minti talatin kawai, a yi mana haƙuri. Na ce ɗansa ne, yana da haƙƙi. Abin da ban faɗa ba shi ne a cikin kaina ina ganin jerin motoci masu jiniya suna shigowa gari, ana cewa dubi jana'izar maɗori. Wannan hoton ne ya rufe mini ido.

Sha biyu ta yi, na kira. Ya ce ga shi nan, ya tsaya ɗaukar wani babba da yake son ya zo da shi. Aka yi azahar. Na kira, wani yaronsa ya ɗauka ya ce Onarabul yana cikin ganawa, minti talatin. Jama'a suka rarrabu a gindin darbejiya, inuwar ba ta isa ba, tsofaffi suna fifita da hula. Liman ya sake zuwa, na sake tare ƙofa. Har na ɗaga masa murya, mutumin da ya raɗa mini suna. Inna ta aiko daga ɗakin takaba a tambaye ni, "Mi kuka jira da shi?" Na ce a gaya mata ɗanta na hanya.

Direban akori-kurar Lambara ne ya fara cewa shi fa yana da lodi. Kawunnaina suka shiga motar suna waiwaye. Mutanen Dandin Mahe suka yi haƙuri har la'asar, sannan suka zo ɗaya bayan ɗaya suka yi mini gaisuwa suka tafi, ba su sallaci mutumin da suka zo dominsa ba. Zauren rufin kwano ne. Mun jiƙa buhuna mun shimfiɗa a kai, mun kunna turare kasko biyu. Wajen ƙarfe biyar wani ƙanen Baba ya shiga, ya fito da gefen rawaninsa a hanci. Ba zan ƙara bayani a kan wannan ba. Wanda ya taɓa ajiye nama da bazara ya san abin da nake nufi, kuma wannan ubana ne.

Mun rufe shi rana na faɗuwa, da sahu ɗaya da rabi, muna sauri kamar masu ɓoye abin kunya.

Washegari na ga wasu hotuna a wayar wani malamin makarantarmu. Ɗaurin auren 'yar wani jigon jam'iyya ne a Sakkwato, aka zarce walima. Ga ɗan'uwana cikin farar shadda, ya ɗaga hannun nan da Baba ya ɗora, yana dariya har ana ganin dasashi. Sai ranar sadakar uku ya zo, da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya yi kuka, ya ce manya ne suka riƙe shi, in ya tashi a gabansu kujerarsa ta tafi. Inna ta ce daga ciki, "Allah shi ba mu haƙuri." Da yamma na ji a rediyo wai ɗan majalisa ya halarci jana'izar mahaifinsa.

Ni ma na ce masa babu komai. Na riƙe hannunsa, na raka shi har mota, na rufe masa ƙofa. A ranar na san zan rama, abin da ban sani ba shi ne yaushe.

Shekara biyu da wani abu na yi ina masa aiki fiye da da. In ya kira, kafin ƙara ta biyu na ɗauka. Na sabunta wa kowa kati, har Inna da ta ce ita ta gaji da layi. Matata ta ce ba ni da zuciya. Na bar ta a haka, domin zuciyar tana nan, kullum in na wuce zauren nan sai na ji warin turaren ranar a maƙogwarona. Na daina cin abinci a wurin. Na sha yin mafarkin Baba yana zaune a bakin makara yana tambayata ƙarfe nawa.

Da lokacin neman zango na uku ya zo, jam'iyya ta ce ƙato bayan ƙato za a sake yi. Abokin karawarsa wani tsohon ma'aikacin lafiya ne daga wani gari, mutum mai sanyi, ban ma san shi sosai ba, kuma ban damu in san shi ba. Ɗan'uwana ya kira ni ya ce a mazaɓarmu zai tsaya da kansa, a filin makaranta, zai zo da 'yan jarida su ga yadda gida yake fitowa. Ya ce yana son layi ya kai bakin fadama. Na ce, "Ranka shi daɗe, fadama kam za ta cika."

Ban sha wahalar shawo kan kowa ba, wannan ne ya ba ni mamaki. Na bi gida gida na ce ranar zaɓe ina gayyar cirar albasa a lambuna, ina neman hannu. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Duk wanda na gaya wa sai ya dube ni ɗan lokaci, sannan ya ce Allah ya kai mu. Ashe ba ni kaɗai nake jin warin turaren ba. Liman ya ce shi bai ji komai ba, amma ya daɗe bai ga fadama ba, zai leƙo. Mata suka ce ai gayya sai da abinci, su suna wajen tukunya.

Ranar ta zo da rana mai kyau, irin wadda nake roƙo. Ƙarfe tara lambuna ya cika da mutane, albasar da ba ta fi aikin mutum goma ba ga mutum fiye da yadda zan ƙirga a kanta, wasu ma ganye ɗaya suke juyawa tun safe. Ƙarfe goma muka ji jiniya ta shiga gari. Sha ɗaya saura wayata ta yi ƙara.

"Ɗan Inna, ina kuke? Ga ni cikin hili, ba kowa!"

Na share hannuna a riga, na gyara murya. Shekara biyu ina ajiye da wannan amsa.

"Onarabul, ka jira mu. Muna tahe. Minti talatin na."

Wallahi bai gane ba. Ya ce to, a yi sauri. Dariyar da aka yi a lambun nan sai da tsuntsaye suka tashi.

Wani malaminmu da gidansa ke kallon makaranta shi yake ba ni labari ta waya. Ya ce Onarabul yana tsaye a tsakiyar fili cikin babbar riga mai aiki, ya ƙi a riƙa masa lema don kada a ce ya fi ƙarfin ranar gida. Can gefe ga mutum goma sha a bayan hoton ma'aikacin lafiya, yawancinsu 'yan'uwansa ne da ke aure a garinmu. Jami'in da jam'iyya ta turo yana ta duba agogo, Onarabul yana ba shi haƙuri, yana cewa jama'arsa na hanya. Da na ji haka na tuna kaina a ƙofar zaure ina ba liman haƙuri, sai na ji wani daɗi mai ɗaci ya sauko mini har ciki.

Sha biyu ya kira, na ce mun taso. Bayan azahar ya kira, na miƙa wa wani manomi wayar ya ce masa Malam yana cikin ganawa. Muka ci dambu a inuwar mangwaro, muka sha ruwan randa. Ban taɓa cin abinci mai daɗin na ranar ba, kuma ba na neman gafarar kowa a kan haka.

Wajen ƙarfe uku malamin ya kira da wata murya daban. Ya ce Onarabul ya gane, ya daina kiran waya. Yaransa sun kewaye jami'in suna cewa ya rubuta ba a yi zaɓe ba tunda jama'a ba su fito ba, a ɗage zuwa wani mako. Na manta da tsohuwar dabararsa sarai. Ni da hannuna na share masa layi, na ba shi abin da yake bukata. In aka ɗage, zai dawo da shinkafa da atamfa da manyan da za su zauna a zauren mai gari, kuma na san mutanenmu, ba za su iya gayya sau biyu ba.

Ina tsaye ina zufa da waya a kunne sai malamin ya ce, "Kai, ga Inna nan ta hito."

Na hau babur ban ko sa takalmi ba. Da na iso bakin makaranta na hango ta tana ratsa fili da sandarta, a hankali, cikin atamfar da ya raba a zaɓen farko mai hotonsa a jiki, katin jam'iyya a hannunta. Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Na ce shi ke nan, nono ya yi aikinsa, ta zo ta cece shi. Na tsaya a jikin katanga na kasa ƙarasawa.

Ba ta gaishe shi ba. Ta zagaya ta tsaya a bayansa daidai, ta dogara sandarta, ta ɗaga katin sama yadda ake yi. Masu ɗaukar hoto suka juyo gaba ɗaya. Wani yaronsa ya nufo ta zai janye ta, Onarabul ya daka masa tsawa, don ba zai yiwu a taɓa matar da ya gaya wa duniya ita ce uwarsa ba, a gaban kyamara. Inna ta dubi jami'in ta ce da ƙarfi, "Yaro, ga layi nan ya samu. Ƙirga."

Jami'in ya dubi layi biyu, ya dubi kyamarori, ya ciro biro. Ya ƙirga na bayan hoto. Sannan ya zo bayan ɗan majalisa mai ci, a garin da aka haife shi, ya ɗora hannu a iska saman kan tsohuwa ya ce, "Ɗaya." Ya rubuta, wakilan 'yan takara suka sa hannu.

Kafin la'asar hoton ya zaga duk wayoyin yankin. A mazaɓun da ba a gama ƙirga ba, aka ce mutane suna zamewa daga layinsa kamar ana kiransu gida. Wanda garinsu ya ba shi tsohuwa ɗaya, wa zai tsaya masa a rana? Bai sake komawa Abuja da sunan kowa ba. Yanzu yana Sakkwato, an ce yana sayar da taki.

Amma ni abin da ya tsaya mini shi ne abin da na ji da kunnena, don a lokacin na matso. Ya juyo ya dube ta, fuskarsa ta yi baƙi da rana, rigar ta manne masa a baya. Ya ce, "Inna, ke kaɗai?"

Ta ce, "Ni kaɗai. Awa nawa ka yi nan?"

Ya ce biyar.

Ta ce, "Babanku ya hi ka daɗewa cikin zaure." Ta juya ta kama hanya.

Na tura babur na bi ta a baya, na ce ta hau in kai ta gida, ta ƙi. Muka tafi a ƙasa, ita a gaba ni a baya, ƙafata na ƙuna. Murna ta cika ni har ina jin kamar in yi guɗa. Na ce, "Inna, ashe kin hi mu duka. Ni na ɗauka ceto nai kinka zo yi."

Ta ce, "In ba kowa bayanai, sai shi ce ba a yi ba. Da bakinai yag gaya man, bisa tabarmata. Ni so nike a rubuta."

Muka iso ƙofar gida. Ta tsaya a bakin zauren, inda na tsaya a waccan ranar na buɗe hannuwa na tare liman. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "Wancan na gama da shi. Saura wanda yat tare ƙohwa."

Ta shige ciki. Na tsaya a waje riƙe da babur, ana ta kirana a waya daga fadama a yi mini barka, ban ɗauka ba.